Ɗa'un da Sauran Tsofaffin Cututtuka: Za Su Iya Dawowa? Tambayoyi da Amsoshi ga Mutanen Jos

Duk sanda aka watsa labari a WhatsApp cewa an samu mai ɗa'un a wata ƙasa, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke yawo a majalisu da shagunan magani da harabar asibiti a nan Jos. Su ne aka tattara a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Wanda ke da maras lafiya a kwance yanzu, ya tsallaka zuwa tambaya ta 4 da ta 12, sannan ya nufi asibiti.

1. Mece ce cutar ɗa'un, kuma me ya sa jin sunanta kaɗai ke tayar da hankali?

Cuta ce da wata ƙwayar bakteriya mai suna Yersinia pestis ke haddasawa, wadda likita Alexandre Yersin ya gano a Hong Kong a 1894. Asalinta cutar ɓeraye ce da danginsu na daji. Ƙuma ce ke shan jinin ɓeran da ya kamu, idan ya mutu jikinsa ya huce sai ta bar shi ta nemi wani jini mai ɗumi, wani lokaci kuwa mutum ne ya fi kusa da ita.

Tsoron da ake yi mata yana da tushe. Tsakanin 1347 da 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai, ba ta kuma bar Masar da Sham da Arewacin Afirka ba. A wannan annobar ce masanin tarihi Ibn Khaldun ya rasa mahaifinsa da mahaifiyarsa a Tunis. Tun kafin nan, a wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ɗa'un na Amwas ya ɗauke manyan sahabbai irin su Abu Ubaida bin Jarrah da Mu'azu bin Jabal, Allah Ya yarda da su.

2. Ba an ce ta ƙare tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce ba?

Ba ta taɓa ƙarewa ba, lafawa ta yi. Tunda gidanta jikin dabbobin daji ne, ba yadda za a yi a bi su rami-rami a kawar da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 3,248 da suka kamu tsakanin 2010 da 2015, 584 daga cikinsu suka rasu. Ƙasashe uku da ta fi zama a cikinsu su ne Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango da Madagaska da Peru. Ko Amurka, da duk asibitocinta, akan samu kimanin mutum 7 a shekara, galibi a karkarar yammacin ƙasar.

Takan kuma yi shiru na tsawon shekaru sannan ta ɓullo. Haka ta yi a Surat ta Indiya a 1994, da yankin Oran na Aljeriya a 2003, da kusa da Tobruk a Libiya a 2009. Mafi girma a 'yan shekarun nan ita ce ta Madagaska a 2017, inda kimanin mutum 2,400 suka kamu, fiye da 200 suka rasu, ta kuma shiga har babban birnin ƙasar, Antananarivo.

3. Ta taɓa shigowa Nijeriya?

Ta taɓa. A 1924 ta ɓulla a Legas, ta yi shekaru tana kisa a unguwannin tsibirin da suka fi cunkoso. Ɓerayen jiragen ruwa ne suka yi ta yawo da ita daga wannan tasha zuwa waccan a wancan zamani, kamar yadda ta sauka a Akara ta ƙasar Gana a 1908. Dalilinta ne Turawan mulki suka kafa hukumar raya birnin Legas a 1928, aka rushe gidaje da dama da sunan tsafta. A yau Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da aka sani da zaman wannan cuta.

4. Yaya alamominta suke? Ta yaya zan bambanta ta da maleriya ko taifod?

A gida ba za ka iya bambantawa ba, kuma wannan shi ne babban haɗarin. Bayan kwana 1 zuwa 7 da kamuwa, zazzaɓi mai zafi kan sauko farat ɗaya, da rawar ɗari, da ciwon kai, da kasala, wani lokaci da amai. Duk wanda ya taɓa kwanciya da maleriya ya san waɗannan.

Abin da ke fallasa nau'in da ya fi yawa shi ne kaluluwa. Takan fito a matsematsi ko hammata ko wuya, kusa da inda ƙuma ta ciji mutum, ta kumbura ƙwarai, ta yi zafin da maras lafiya ba ya yarda a taɓa wurin. Ba kowace kaluluwa ba ce ɗa'un, domin ko gyambo a ƙafa yakan jawo ta. Wadda ta zo tare da zazzaɓi mai tsanani cikin kwana ɗaya ko biyu ce ke bukatar idon likita. Nau'i na biyu shi ne wanda ƙwayar ke bazuwa cikin jini, har yatsu da hanci su yi baƙi. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne na huhu: tari, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, da kaki mai jini. Shi ne ke tsallakawa daga mutum zuwa mutum ta hanyar tari, kuma shi ne ya fi yawa a Madagaska a 2017.

Shawarar da ta fi amfani ita ce wannan: zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, a daina canza magani a kemis, a je a yi gwaji. Ba don ɗa'un kaɗai ba, domin a nan Filato zazzaɓin Lassa ne ya fi fakewa a bayan irin wannan zazzaɓi (duba tambaya ta 6).

5. Tana da magani? Za a iya sake yin irin kisan da ta yi a Turai?

Tana da magani, kuma ba wani sabon abu ba ne mai tsada. Magungunan kashe bakteriya irin su gentamicin da doxycycline da ciprofloxacin da streptomycin suna warkar da ita. Abin da ke raba rai da mutuwa shi ne lokaci. Nau'in kaluluwa idan ba a yi magani ba yana kashe kashi 30 zuwa 60 cikin 100. Na huhu kuwa kusan ba ya barin kowa, sai an fara magani cikin awa 24 da bayyanar alamomi. Babu allurar rigakafinta da ake yi wa jama'a baki ɗaya.

Mutanen 1347 ba su san ƙwayar cuta ba, ba su san ƙuma ce ke kai ta ba, ba su da ko ƙwaya ɗaya ta magani. Mu muna da duk ukun, shi ya sa da wuya ƙwarai a sake ganin irin waccan. Abin da zai iya faruwa shi ne ɓarkewa a gari ɗaya ko yanki ɗaya ta kashe gommai ko ɗaruruwa kafin a farga, musamman inda asibiti ke da nisa ko rikici ya kori ma'aikatan lafiya.

6. Jos gari ne mai sanyi a kan tudu, ga ɓeraye cike da kasuwanni. Ba mu fi wasu shiga haɗari ba?

Tambayar tana kan hanya. A Afirka ɗa'un ta fi son tuddai masu sanyi: tsakiyar Madagaska sama da mita 800, Ituri a Kwango, yankin Yammacin Nilu a Yuganda, tsaunukan Lushoto a Tanzaniya. Jos na kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200. Sai dai sanyi da tudu ba sa haifar da cuta, sai ƙwayar tana cikin ɓerayen wurin, kuma Filato ba ta cikin wuraren da aka sani da ita.

Amma ɓerayenmu suna ɗauke da nasu bala'in, kuma tarihinsa ya ratsa ta cikin garin nan. A Janairun 1969 aka kawo wata nas 'yar mishan mai suna Laura Wine daga garin Lassa na Borno zuwa Jos, ta rasu a nan da wani zazzaɓi da ba a san shi ba. Nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. A 1970 cutar ta ɓarke a asibitin Evangel, wanda muke kira Jankwano, likita Jeanette Troup ta yanke a hannu tana binciken gawa, ta kamu, ta rasu. Daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa. Har yau yana tashi duk rani, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, kuma Filato da maƙwabtanta Bauchi da Taraba na cikin jihohin da ake samunsa.

Ɓeran da ke ɗauke da shi, mai nonuwa da yawa, shi ne dai wanda ke ɗaukar ɗa'un a gabashi da kudancin Afirka. Yana zubar da ƙwayar Lassa cikin fitsari da kashi a kan hatsi, da garin kwaki, da abincin da aka bari a buɗe, da shanyar da ake yi a kan duwatsu da gefen titi. Mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma wanda ta kama da ƙarfi tana iya kashe shi, ta fi tsanani ga mai juna biyu, kuma wasu da suka warke sukan rasa jinsu. Duk mai rumbun hatsi a Katako ko mai ajiye kayan gwari a Farin Gada, wannan ne ya kamata ya fi damunsa.

7. To wace tsohuwar cuta ce ta riga ta dawo mana?

Ba ɗaya ba ce, kuma a nan ne ya kamata tsoronmu ya karkata. Mashaƙo, wadda likitoci matasa da yawa ba su taɓa gani ba sai a takarda, ta ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ce ta fi jin jiki, ta kuma bazu zuwa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno. Fiye da mutum 1,000 sun rasu, akasarinsu yaran da ba a yi wa rigakafi ba ko ba a kammala musu ba. Motoci nawa ke tasowa daga Kano da Bauchi su sauke fasinja a Jos kowace rana? Alamarta ciwon maƙogwaro, da kumburin wuya, da wata fata mai launin toka da ke rufe maƙoshi. Don Allah kada a kai irin wannan yaro wurin wanzami a ce za a cire masa belu. Fatar nan idan aka kankare ta jini take yi, kuma dafin da ke taɓa zuciya sai allurar asibiti ke karya shi.

Zazzaɓin shawara, cutar da sauro ke yaɗawa, ta yi shiru tun 1996, sai ga ta a jihar Kwara a 2017, sannan a 2019 ta kashe mutane a yankin Alkaleri na Bauchi, wajen Yankari. Dattawan Filato ba baƙinta ba ne, domin ta yi mummunar ɓarna a tudun nan a 1969. Ƙyandar biri ta sake ɓulla a Bayelsa a 2017 bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta ba. Kwalara kuwa ba ta taɓa yin nisa ba: a 2021 kaɗai an samu fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu, kimanin 3,600 suka rasu. Sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Arewa a 1996, wani nau'insa kuma ya sake tashi daga Zamfara a ƙarshen 2016. Ga ƙyanda da tarin fuka da ke cin mutane kullum ba tare da an yi ta yayata su ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne kusan duk waɗannan suna da rigakafi ko magani mai sauƙi. Uwa za ta kwana ba barci saboda bidiyon ɗa'un daga wata nahiya, alhali katin rigakafin jaririnta ya tsaya a allurar farko.

8. Me ke dawo da cuta bayan an yi shekaru ba a gan ta ba?

Na farko giɓin rigakafi. Duk shekarar da aka haifi yara ba a yi musu allura ba, ana tara waɗanda cuta za ta samu a buɗe, har adadinsu ya kai yadda mutum ɗaya zai shigo da ita ta kama gari. Mun ga wannan da shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafinta a Kano da wasu jihohin Arewa saboda jita-jita, cutar ta tashi, ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna da malamai suka shigo cikin aikin aka shawo kanta. An ga mutum na ƙarshe mai ainihin nau'in cutar, wanda ake kira na daji, a Borno a 2016, aka kuma ayyana Afirka ta rabu da shi a watan Agustan 2020. Zaman kulle na korona a 2020 ya sake buɗe wani giɓin, domin yara da yawa sun rasa allurarsu a lokacin.

Na biyu ruwa da bayan gida. Inda rijiya ke kusa da masai, ko ake ɗiban ruwa a rafin Dilimi da kududdufan da haƙar kuza ta bari, damina ɗaya ta isa cuta ta tashi. Bayan ambaliyar da madatsar Alau ta jawo wa Maiduguri a Satumbar 2024, kwalara ce ta biyo baya. Na uku rikici da gudun hijira, wanda ke cusa mutane a makaranta ko sansani ɗaya, ya kuma rufe ƙananan asibitocin ƙauye. Mutanen Filato sun san wannan ba sai an faɗa musu ba. Na huɗu kuwa wasa da magani, wanda ke cikin tambaya ta 10.

9. In sa gubar ɓera a gida da shago ke nan?

Rage ɓera abu ne mai kyau, amma hana shi abinci da mafaka ya fi guba aiki. A zuba hatsi da gari a mazubi mai murfi, a toshe ramuka da siminti, a ɗaga buhuna daga ƙasa, a nisanta juji daga gida, a wanke kwanonin dare kafin a kwanta. Mushen ɓera ba a ɗaukarsa da hannu: a sa leda ko shebur, a binne shi da zurfi. Kashin ɓera a yayyafa masa ruwan bilic kafin a share, kada ƙurarsa ta tashi. Guba kuma a ajiye ta inda yara da kaji ba za su kai ba. Matasa masu cinna wa daji wuta da rani don farautar gafiya da ɓera su sani cewa wajen feɗewa ne jini ke taɓa hannu, wutar kuma cikin gidaje take koro sauran. A Mongoliya a 2019 wani mutum da matarsa sun mutu da ɗa'un bayan sun ci ɗanyen naman wata dabbar daji dangin ɓera.

Akwai ƙa'ida ɗaya ta musamman ga ɗa'un. Idan aka wayi gari ɓeraye na mutuwa da yawa ba wanda ya sa musu guba, wannan alama ce da aka daɗe da sani tana gabatar annobar. A irin wannan hali ƙuma ake fara kashewa da feshi, sannan ɓera, domin idan aka fara da ɓera, ƙumar da ta rasa mai gida kan mutane za ta koma. A kai rahoto (tambaya ta 12), kada a yi gaban kai.

10. Tunda maganin yana kemis, me zai hana in saya in ajiye, ko in riƙa sha don kariya?

Kada ka yi. Ana ba wanda ya yi mu'amala ta kusa da mai ɗa'un na huhu magani na kwana 7 don kariya, amma likita ne ke yanke wannan. Shan kafso biyu yau, uku gobe, a daina da an ji sauƙi, shi ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. An riga an samu ƙwayar ɗa'un mai jure magunguna da yawa a Madagaska a 1995. Ciprofloxacin ɗin da muke sha barkatai da sunan taifod yana cikin 'yan magungunan da za a dogara da su ranar da babbar bukata ta zo. Ga shi kuma rabin magani yakan ɓoye cuta, gwaji ya kasa nuna ta.

Abin da ya cancanci ajiyewa a kowane gida shi ne ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. Idan babu, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba maras lafiya ana kan hanyar asibiti.

11. Agana fa? An ce ƙanƙara na narkewa tana fito da cututtukan mutanen farko.

Agana ita ce cutar mutane guda ɗaya da aka kawar daga doron ƙasa. Mutum na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a a Somaliya yake, a 1977, aka kuma sanar da ƙarewarta a 1980. An iya hakan ne saboda ba ta da mafaka a jikin dabba. Ragowar ƙwayarta na kulle a ɗakunan bincike biyu, ɗaya a Atlanta ta Amurka, ɗaya a Saberiya ta Rasha.

Batun ƙanƙara yana da ƙamshin gaskiya. A 2016 zafi ya narkar da daskararriyar ƙasa a yankin Yamal na Rasha, antaraks, cutar dabbobi da ke tsallakawa zuwa mutum, ta tashi, ta kashe yaro ɗaya da barewar ƙanƙara fiye da 2,000. Antaraks daban take, ƙwayarta na iya yin shekaru da dama a cikin ƙasa. Ba ma sai mun je Rasha ba, an same ta a wata gona kusa da Suleja a Yulin 2023. Darasin ga mahauta da masu kiwo shi ne dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, ba a feɗe ta, ba a sayar da namanta. A kira likitan dabbobi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan kusa da mu a Vom, kuma tana yin allurar rigakafin wannan cuta.

12. Idan na ga abin da hankalina bai kwanta da shi ba a unguwa, wa zan gaya wa? Kuma yaya batun gawa?

Abubuwan da ba a jira a kansu: mutum biyu ko uku a gida ɗaya da zazzaɓi iri ɗaya, zubar jini ta hanci ko baki, gudawa kamar ruwan shinkafa, sanƙarewar wuya, idanu sun yi rawaya tare da zazzaɓi, ko yaro mai kumburin wuya da ke numfashi da ƙyar. A kai maras lafiya asibiti mafi kusa, a gaya wa ma'aikata gaskiyar inda ya je da abin da ya taɓa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma asibitin ne zai sanar da shi. Hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Abuja tana da layin kyauta, 6232. Mai jinya ya zama mutum ɗaya, ya sa takunkumi, ya wanke hannu da sabulu, 'yan dubiya kuma su yi haƙuri su yi addu'a daga gida. Saurin kai rahoto da bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da maras lafiya ne ya tsayar da Ebola a Nijeriya a 2014 a kan mutum 20, bayan likita Stella Adadevoh ta hana wanda ya shigo da ita Legas barin asibiti, ita kuma ta rasa ranta a dalilin haka.

Killacewa ba baƙon abu ba ne a addini. Hadisi ingantacce ya hana shiga garin da ɗa'un ya sauka, ya kuma hana na ciki fita don gudun sa, kuma da shi Sayyidina Umar ya yi aiki lokacin da ya juya daga hanyar Sham. Gawar wanda ɗa'un ko Lassa ta kashe tana iya harbin mai wanka da mai ɗauka. Idan asibiti ya ce ma'aikatansa ne za su shirya ta, a bar su, a nemi liman ko fasto ya tsaya a yi sallah ko addu'a yadda ya dace daga ɗan nesa. Iyalan da suka yi jinya su ba da sunayensu a riƙa duba su: kwana 7 idan ɗa'un ce, kwana 21 idan Lassa ce.

13. Wace allura ya kamata in tabbatar an yi wa yarana?

A ɗauko katin a duba. Ranar haihuwa akwai ta tarin fuka da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta. A sati 6 da 10 da 14 akwai allurar nan mai kariya daga cuta biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa, kuma sai an yi ukun kariyar ke cika. A wata 9 akwai ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Ta shawara sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, manya ma da ba su taɓa yi ba suna iya karɓa. Kyauta ake yin na yara a asibitocin gwamnati na matakin farko. Yaron da ya tsallake wata ba a sake masa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, ko da katin ya ɓata a je a yi wa ma'aikaciyar bayani. Almajiran da aka kawo daga wasu garuruwa su ma a tambayi iyayensu, idan ba a taɓa yi musu ba malam ya kai su tare da 'ya'yansa.